Ba a fafe gora ranar tafiya

Yau ga shi kana karanta takarda da kanka. Kana rubuta lambobi, kana tarawa, kana ɗebewa. Ina so mu yi magana a kan wani wuri da wanga ilimi zai yi maka rana. Wurin nan shi ne tafiya.

Idan mutumin ƙauye ya tashi zuwa Yamai, tambaya ɗaya yake yi: «Nawa ne kuɗɗin mota?» Da an faɗa mashi, sai ya saida akuya, ya ɗora ɗan wani abu a kai, ya ce ya shirya. Alhali kuɗɗin mota kashi ɗaya ne kawai cikin kuɗɗin tafiya. Abin da ya fi cin kuɗɗi shi ne kwana. Kowace rana da ka yi a waje tana da cikinta, sai ka ciyar da ita. Shi ya sa nake cewa ka fara ƙirga kwanaki, sannan ka ƙirga kuɗɗi.

Zan ba ka misali da tafiyar da na yi lokacin da na kai innata asibiti a Yamai saboda ciwon ido. Kai wataƙila takarda za ka nema, ko gaisuwar mutuwa za ka, ko saro kaya. Hanyar lissafin duk ɗaya ce.

Fara da kwanaki

Ƙauyenmu yana arewa da Maraɗi, ba shi a kan kwalta. Mota ba ta zuwa mana sai ranar kasuwar Maraɗi, wato Litinin da Jumma'a. Haka yake a wurare da yawa. Mutanen ƙauyukan Damagaram sun fi samun mota ranar Alhamis, na Tawa ranar Lahadi. To ka ga tun ba ka bar gida ba, kasuwa ta riga ta zaɓa maka ranar fita da ranar komowa.

Abu na biyu, ma'aikatun gwamnati ba su aiki Asabar da Lahadi. Ranar Jumma'a kuma guntuwa ce, ana tashi da wuri. Asibiti tana karɓar mai ciwon gaggawa kullum, amma ganin babban likita da yin awo sun fi samuwa a ranakun aiki. Ga kuma ranakun hutu: Sallah ƙarama, Sallah babba, Maulidi, 1 ga Mayu, 18 ga Disamba, da sauransu. Duba kalanda kafin ka sa rana.

Da na zauna da takarda da bik, sai na rubuta tsari biyu. Ga na farko:

Litinin: daga gida zuwa Maraɗi.
Talata: daga Maraɗi zuwa Yamai.
Laraba: ganin likita.
Alhamis: awo da sayen magani.
Jumma'a: rabin yini na aiki.
Asabar: daga Yamai zuwa Maraɗi.
Lahadi: zaman jiran mota.
Litinin: komowa gida.

Ga na biyu:

Jumma'a: daga gida zuwa Maraɗi.
Asabar: daga Maraɗi zuwa Yamai.
Lahadi: hutu da neman sanin hanyar asibiti.
Litinin: ganin likita.
Talata: awo da sayen magani.
Laraba: ranar ko-ta-kwana.
Alhamis: daga Yamai zuwa Maraɗi.
Jumma'a: komowa gida.

Ƙirga ka gani. Kowane tsari yini takwas ne. Amma ba su zama ɗaya ba. A na farko, ranakun aiki biyu da rabi gare ka. Idan aka ce maka «sai Litinin», ka shiga uku. A na biyu kana da ranakun aiki uku cif, ga Alhamis da Jumma'a a bayansu idan abu ya ja. Ranar zaman banza kuma ta faɗo a gaba, ta zama hutu ga tsohuwa bayan wahalar hanya. Na biyun na ɗauka. Da ka kaɗai ba a ganin wannan bambanci, sai an shimfiɗa ranakun a takarda.

Ka lura da ranar da na kira ta ko-ta-kwana. Ba a sa mata aikin komi. An aje ta ne don abin da ba a sani ba: likita bai zo ba, na'ura ta lalace, layi ya yi tsawo, an ce ka kawo wata takarda. Idan ba ka bukace ta ba, ka ci riba, sai ka zaga dangi. Kada kuma ka cusa ayyuka uku cikin yini ɗaya a birni. Babban aiki ɗaya da safe, ƙaramin aiki ɗaya da marece, ya isa. Sauri ya haifi nawa.

Yinin hanya

Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Za ka wuce Gidan Rumji, Madawa, Galmi mai albasa, Malbaza mai siminti, Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Wanda ya taso daga Damagaram yana da ƙarin kilomita fiye da 200 kafin ya iso Maraɗi.

Yi wanga ɗan lissafi. Mota tana gudu, tana tsayawa: sallah, cin abinci, shan mai, shingen jandarma, saukar fasinja. Idan aka haɗa gudu da tsayuwa, mu ce tana cin kilomita 60 a awa ɗaya. Raba 660 gida 60, ka samu 11. Awa 11 ke nan. Idan kun tashi ƙarfe 5 na asuba, za ku isa wajen ƙarfe 4 na marece. Idan taya ta fashe, sai magariba. Saboda haka ranar hanya ta hanya ce kaɗai. Kada ka yi wa kowa alkawarin haɗuwa a ranar.

Manyan motocin kamfani da asuba suke tashi, kuma sukan ce fasinja ya zo tun kafin lokaci don a auna kaya. Sayi tikitinka tun jiya, ka tambayi ƙarfe nawa ake kira. Ka karanta abin da aka rubuta a tikitin: suna, rana, gari, kuɗɗi. Ƙananan motocin tasha sukan fi araha, amma ba su da agogo, sai sun cika suke tashi. Za ka iya zama tun hantsi har la'asar ana jiran mutum uku. Wanda ke tare da maras lafiya ko jariri, gara ya biya ta kamfani. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Akwai kuma hanyoyin da ba a so a bi su da dare saboda rashin tsaro. Tambayi direbobi, su ne suka san halin da hanya take ciki a makon nan.

Kafin ka fita, duba katinka na ɗan ƙasa. Akwai ranar mutuwarsa a rubuce a jikinsa, kuma yanzu kana iya karanta ta. Kati matacce yana tsaida mutum a shinge, mota ta yi ta jiransa, ko ta tafi ta bar shi. Idan da yaro za ka, ɗauki takardar haihuwarsa. Idan asibiti za ka, ɗauki takardar da likitan garinku ya rubuta, da tsofaffin takardun magani. Sa su duka a leda ɗaya.

Lambar takarda da kuɗɗin baki

Ga wani wuri da sabon mai karatu yake tuntuɓe. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da faran take rubutawa. Dala ɗaya faran 5 ce. Idan ka ga an rubuta 200 F, ba dala 200 ba ce, dala 40 ce. Raba lambar gida biyar, sai ta ba ka dala. Riƙe waɗannan a ka:

100 F, dala ashirin.
500 F, dala ɗari.
1.000 F, jikka ɗaya.
10.000 F, jikka goma.

Idan za ka rubuta lissafinka, rubuta duka da faran, kamar yadda yake a tikiti da takardar farmasi. Kada ka gauraya, layi ɗaya dala, layi ɗaya faran. Nan lissafi yake rikicewa.

Kuma ka nemi farashin yau. Kawunka da ya je Yamai tun yana saurayi zai faɗa maka gaskiya, amma gaskiyar zamaninsa. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka hau. Tun daga nan ma farashi ya sha canzawa. Kuɗɗin mota yana bin kuɗɗin mai, yana kuma tashi gab da Sallah. Tambayi wanda ya komo cikin watan nan, ko ka buga waya tasha. Matambayi ba ya ɓata.

Lissafin kuɗɗi

Yanzu mu sa wa kwanakin nan kuɗɗi. Lambobin da zan rubuta misali ne, don ka ga yadda ake yi. Kai sai ka sa naka. Mutum biyu ne, yini takwas.

1. Motar ƙauye, zuwa da komowa: 1.500 sau 4, ya zama 6.000 F.
2. Babbar mota, zuwa da komowa: 10.000 sau 4, ya zama 40.000 F.
3. Abinci da ruwa: 2.000 sau 8, ya zama 16.000 F.
4. Taksi da kabu-kabu cikin gari: 6.000 F.
5. Asibiti, awo da magani: 30.000 F.
6. Abin da za a riƙa wa mai masauki: 5.000 F.
7. Kuɗɗin waya: 2.000 F.
8. Tsarabar gida: 5.000 F.
9. Cefanen da za a bar wa iyali: 10.000 F.

Tara su. Za ka samu 120.000 F, wato jikka 120. Saura abu ɗaya. A kan kowace jikka biyar, ɗora jikka ɗaya ta ko-ta-kwana. Raba 120 gida biyar, ka samu 24. Jimla duka ta zama 144.000 F.

To dubi layi na biyu. Mutumin da ya tambayi kuɗɗin mota kaɗai, jikka 40 ya ji. Bai ji ko kashi ɗaya cikin uku na abin da tafiyar za ta ci ba.

Bari in ɗan tsaya a kan wasu layuka, don su ne aka fi mantawa.

Me ya sa na ce sau 4? Mutum biyu ne, kowa zai je ya komo. Mai rakiya ma fasinja ne, kuma yana cin abinci. Idan mutum uku suka raka maras lafiya ɗaya, kuɗɗin magani ne suke ci a hanya. Zumunci yana da daɗi, amma mai rakiya ɗaya mai wayo ya wadatar. Sauran su ba da gudummawa, su yi addu'a daga gida.

Taksi kuma, Yamai gari ne mai faɗi. Masaukinka yana iya zama a wannan gefe, asibiti a wancan. Wani lokaci sai ka shiga mota biyu kafin ka isa. Kafin ka shiga, faɗi unguwar da za ka, ka ji kuɗɗin. Riƙe canji a aljihun gaba, don kada ka fiddo babbar takarda a gaban mutane.

Masauki fa? Ka ce ai gidan ɗan'uwa za ka sauka, ba biya. Gaskiya ne ba zai karɓi kuɗɗin ɗaki ba. Amma mutumin birni komi saye yake yi: ruwa, wuta, itace, hatsi, har haya. Baki biyu sun ƙaru a tukunyarsa kwana biyar. Riƙa mashi abin da ke da araha a wurinka, mai tsada a wurinsa: tiya biyu ta wake, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, busasshiyar kuɓewa. Wata safiya kuma ka miƙa wa uwargida ɗan abin cefane. Sannan ka buga mashi waya tun kafin ka taso, ka faɗa mashi ranar zuwa da ranar komowa. Baƙon da aka san ranar tafiyarsa ya fi daɗin tarba.

Layi na tara shi ne wanda maza suka fi tsallakewa. Kai ka tafi, amma tukunyar gida ba ta tafi ba. Idan ba ka bar komi ba, maiɗakinka za ta ci bashi a kanti, ka komo ka tarar da shi yana jiranka. Zauna da ita ku yi lissafin nan tare. Ita ta fi ka sanin abin da gida yake ci a mako.

Idan kuɗɗi ba su kai ba

Sau da yawa za ka tara lissafi, ka duba aljihu, ka ga da saura. Kada ranka ya ɓaci. Gara ka gane haka a zaurenka da ka gane shi a tashar Yamai.

Akwai layukan da ake ragewa. Tsaraba tana raguwa, alewar yara ta isa. Abinci yana raguwa idan an yi guzuri daga gida: ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, soyayyar gyaɗa, da gorar ruwa. Akwai kuma layukan da ba a taɓawa: kuɗɗin komowa, kuɗɗin magani, da na ko-ta-kwana. Ganin likita ba tare da sayen magani ba, asarar kuɗɗin mota ce.

Ka kuma yi wa kanka wata tambaya: dole ne sai Yamai? Wani aikin ana yinsa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Tambayi likitan garinku ko ma'aikacin da ya san takardar. Wani saƙon kuma waya tana isar da shi, wasu kuɗɗin ana iya aika su ba sai an kai da ƙafa ba.

Idan tafiyar ba ta gaggawa ba ce, ɗaga ta har kuɗɗi su cika. Wanda ya sa rana tun da wata biyu yana saida dabbarsa ranar da kasuwa ta yi kyau. Wanda ya tashi yau yau, dillali yana gani a fuskarsa, sai ya taya mashi yadda ya ga dama. Haka hatsi: da kaka yana araha, da bazara yana tsada. Idan ka zubar da rumbunka da kaka don tafiya, kai ne za ka saye shi da tsada kafin sabon hatsi ya fito.

Lokacin shekara ma yana shiga lissafi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, korama tana iya yanke hanyar ƙauye, ka kwana biyu kana kallon garinku daga nesa. Yini takwas a lokacin noman fari kuwa ba wasa ba ne. Sai ka sa kuɗɗin ƴan ƙwadago a lissafi, ko ka roƙi wanda zai duba maka gona. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce awo 40, kuɗɗin ruwa yana ƙaruwa, tsoho da jariri suna wahala a mota. Da sanyi kuma, wanda zai kwana tasha ya ɗauki bargo.

Riƙon kuɗɗi a hanya

Ranar da za mu komo, na ga wani dattijo zaune a bakin tasha a Yamai, da ɗan buhunsa. Daga wajen Tasawa ya zo neman wata takarda. Ranar Alhamis ya iso, ya je Jumma'a aka ce ya komo Litinin. Ranar Litinin aka ce sai Laraba. Ya samu takardar, amma kuɗɗin komowa sun tafi a abinci da taksi. Ya saida wayarsa da araha, duk da haka ba su cika ba. Mutum ne mai gona, mai iyali, mai mutunci a garinsu. Ga shi yana kallon ƙasa, yana faɗa wa baƙi damuwarsa. Fasinjoji muka haɗa mashi abin da ya samu. Da ya karɓa, bai iya ɗaga kai ba. Na ce: «Baba, Allah ya kiyaye gaba.» Ya ce: «Ɗana, ban san kwana yana da tsada haka ba.»

Don kada haka ta same ka, raba kuɗɗinka kashi uku tun daga gida. Kashi na farko na komowa ne. Ƙulle shi daban, ka sa a ranka ba naka ba ne. In da hali ma, sayi tikitin komowa da zarar ka san ranar gamawa. Kashi na biyu na aikin da ya kai ka ne. Kashi na uku na yau da kullum ne, shi kaɗai ke zama a aljihu. Kada ka tara su wuri ɗaya. Ke ƴar'uwa, bakin zane ba ya isa, sa manyan a lalita a ciki.

Yanzu akwai kamfanonin aika kuɗɗi a kusan kowane babban gari. Kana iya aika wa kanka daga Maraɗi, ka karɓa a Yamai. Ana cire ɗan lada, kuma sai ka nuna kati. Karanta lambar da aka rubuta a takardar shaida kafin ka bar wurin, ka adana ta. Rubuta kuma lambar wayar mai masaukinka da sunan unguwarsa a takarda. Waya tana mutuwa, tana ɓata, takarda ba ta neman caji.

Kowane dare, kafin ka kwanta, fiddo takardarka. Rubuta abin da ka kashe yau, ka ɗebe shi daga abin da ya rage. Aikin minti biyar ne. Idan ka ga yau ka zarce, gobe sai ka tsuke. Mu mun ci ranar ko-ta-kwana, don sakamakon awo bai fito ba sai Laraba. Maganin ɗigawa kuma ya fi yadda aka zata tsada, ya ci jikka tara daga kuɗɗin ajiya. Amma ranar tana nan, kuɗɗin suna nan. Ba mu roƙi kowa ba. Abin da ya rage na maida shi gida, aka sayi hatsi.

Wani zai ce: «Ai tafiya ta Allah ce, wa ya san gobe?» Haka ne, ba wanda ya sani. Saboda ba mu sani ba ne muke aje rana ɗaya da jikka ɗaya cikin biyar. Manomi ma bai san yadda damina za ta kasance ba, amma yana aje iri.

To, ɗan'uwa, ga aiki. Ɗauki takarda da bik. Zaɓi garin da kake so ka je bana. A hannun hagu rubuta ranaku, tun daga fita har komowa, kowace rana da aikinta. A hannun dama rubuta kuɗɗin kowane layi. Tara su, ka ɗora na ko-ta-kwana. Kawo takardar aji, ku duba tare da malam da ƴan'uwa. Wataƙila wani ya tuna maka layin da ka manta, kai ma ka tuna wa wani nasa.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.